Aron Kwana Ɗaya

Lallaɓa yana kwance ƙarƙashin motarsa yana ɗaure noti, sai ya ga ƙafafu biyu sun tsaya a gefen taya. Bai buƙaci ganin fuska ba. Kaf gidan nan mutum ɗaya ne ke sa takalmi mai sheƙi haka, kuma ba ya kusantar inda ake maiƙo sai da dalili.

"Ƙanena, sannu da aiki," in ji Yaya. "Kai kullum a ƙarƙashin mota kamar ƙadangare. Fito mu yi magana."

Duk ranar da Yaya ya ce masa "ƙanena", to akwai abin da yake so. Sauran ranaku sunansa Lallaɓa, sunan da direbobi suka laƙaba masa saboda ƙwai yake ɗaukowa daga gonar kaji yana rarraba wa kantuna, shekara tara ke nan, yana tuƙi kamar mai goyon jinjiri. Ya jawo jiki ya fito yana goge hannu da tsumma.

Motoci biyu ne a tsakar gidan, na ɗaukar kaya, farare, ƙirar kamfani ɗaya, shekara ɗaya. Mahaifinsu ne ya bar musu, kowa ɗaya. Sun tsufa har kamfanin ya daina ƙera irinsu, kayan gyaransu ma sai an sha yawo wurin masu fasa tsofaffin motoci kafin a dace. Ta Lallaɓa in ka tayar da ita sai ka kasa kunne kafin ka ji injin. Ta Yaya kuwa tun daga bakin layi ake sanin ta dawo.

"Jibi ne gwajin motata," Yaya ya ce, yana shafa tayar ƙanen da ƙafa. "Tayoyina sun ɗan suɗe. Ara mini naka na kwana ɗaya, in karɓo takarda in mayar maka."

Wannan ba sabon abu ba ne a wurin direbobi. Kowace shekara sai an kai mota gidan gwaji an duba lafiyarta kafin a ba ta takardar hawa titi, kuma da yawa aron taya suke yi, ko fitila, ko madubi, su je su ci gwaji, da yamma kowa ya karɓi kayansa. Sai dai aron Yaya ba ya sanin hanyar gida.

"Yaya, bara ma haka ka ce da madubi. Har yau yana jikin motarka."

"Kin ji ko, Inna?" Yaya ya juya wajen baranda, inda mahaifiyarsu ke zaune tana shan iska. "Madubi yake mini gori a kai."

"Haba, Auta," in ji Inna. "Ɗan'uwa fa rabin jiki ne. Ni ban san kan mota ba, a wurina duk ƙarfe ne. Amma na san ciki ɗaya kuka fito. Ba shi mana."

Lallaɓa ya ɗauko jak ya fara kwance tayoyin da hannunsa, ransa na suya. Ba tayoyin kaɗai ke cinsa ba. Tun yana yaro ya san inda zuciyar Inna ta karkata. Tsokar da ta fi girma ta Yaya ce. In Yaya ya yi tari, sai ta aika a tambayi lafiyarsa, shi kuwa ya taɓa kwana uku da zazzaɓi, da ya fito abin da ta fara ce masa shi ne famfon bayan gida yana yoyo. Mutum mai 'ya'ya biyu, da furfura a gemu, amma har yau in ya ji Inna ta yi dariya a ɗakin Yaya sai ransa ya ɓaci. Kishi ne, ya sani, kuma yana jin kunyarsa.

Abu ɗaya ne ya ɗauka nasa ne shi kaɗai. Duk Talatar farkon wata Inna na zuwa asibiti awon hawan jini, kuma ba ta taɓa shiga motar Yaya ba. Tasa take shiga. Har matashinta na jingina baya a kujerar gaban motarsa yake zaune, ba ya yarda ko 'ya'yansa su taɓa. A hanya takan yi masa hira, ta ce ya tsaya ta sayi ayaba, wani lokaci ma ta gyangyaɗa. Wannan awa biyun yake riƙe da ita har wata ya zagayo, yana ce wa kansa in ta zo zaɓen wanda zai ɗauke ta, ai shi take zaɓa.

Yaya ma yana da nasa ciwon. A tashar da suke jiran kaya ba a rasa mai tsokana.

"Wai da gaske motarka da ta Lallaɓa sa'o'in juna ne? To wallahi taka ta haifi tasa."

Sai a kwashe da dariya, shi ma ya yi ta yaƙe, ya dawo gida yana huci. Bai taɓa yarda cewa bambancin daga hannu yake ba. Shi dai abin da ya riƙe, Baba ya yi son kai, ya zaɓi mai kyau ya ba Auta. Bai ga ranakun hutun da ƙanen ke ƙarewa da sifana a hannu ba, bai ga yadda yake canja baƙin mai kafin lokaci ba. Har wata al'ada Lallaɓa ke da ita: duk abin da ya canja a motar sai ya ɗiga masa shuɗin fenti, don gobe in ya leƙa ya san wanne ne sabo. Yaya kan ce kwalliya yake wa ƙarfe.

Ranar gwajin Yaya ya dawo da azahar fuska a murtuke, ya jefa wata takarda a cinyar Inna. Tayoyin aro sun wuce, amma an kama shi da wasu laifuffuka huɗu. Birki na jan gefe ɗaya. Shokazoba, abin nan da ke hana mota jijjiga a rami, duk na baya suna yoyon mai. Fitilar hagu ta dushe. Salansa ya huje. An ba shi mako biyu ya gyara ya koma.

"Mutumin nan na gidan gwaji ya tsane ni," ya ce. "In Lallaɓa ne, ko kallon motar ba ya yi."

"Yana kallo, Yaya. Ba ya samun komai ne."

"Ka ji ko? Baƙin cikina kake yi. Daɗi kake ji an kayar da ni."

Lallaɓa ya nemi tayoyinsa, aka ce ya bari sai an koma gwaji na biyu, ai ba a kwance a ɗaura sau biyu kamar marasa aikin yi. Haka ya yi ta kai ƙwai a kan suɗaɗɗun tayoyin Yaya, in an yi yayyafi yana tafiya yana salati.

Ranar Lahadi ya raka matarsa duba mahaifinta da ba shi da lafiya. A motar haya suka je, don ya ce ba zai ɗauki 'ya'yansa a kan waɗannan tayoyin ba. Makullin motarsa na rataye a ƙusa a ɗakin Inna, inda ake rataye makullan gidan tun zamanin Baba. Da la'asar suka dawo suka tarar da motarsa a ɗage kan bulo, wani makaniken tasha yana tattara kayan aikinsa. An kwance takalman birki, an kwance shokazoba, an cire fitila da salansa, an ɗaura masa na Yaya a madadinsu.

"Inna, wa ya ba shi makullina?"

"Ni na ba shi. Yanzu yayanka sai ya durƙusa maka kafin ya taɓa abin da ubanku ya bari? Kwana ɗaya ne fa."

"Inna, birki ne. Birki ba a aronsa."

"To ni me na sani? Na ce maka duk ƙarfe ne a wurina."

Da suka shiga ɗaki matarsa ta rufe ƙofa. Mai ɗinki ce, kuma bakinta ya fi almakashinta kaifi.

"An ce zanen aro ba ya rufe katara," ta ce. "To na yayanka ya rufe har ya yi saura. Maigida, nan da mako uku naka gwajin ne. Ka je ka kwanto kayanka gobe da safe, ko sama za ta faɗo."

"So kike in yi faɗa da shi a gaban Inna?"

"So nake ka daina sayen soyayyar da ba a kasa ta a kasuwa ba."

Maganar ta soke shi, shi ya sa ya daka mata tsawa, abin da bai saba ba. Ta koma kan kekenta ta ci gaba da ɗinki, ba ta sake ɗago kai ba.

Yaya ya ci gwaji na biyu. Ya liƙa sabuwar takardarsa a gilashi, ya zaga tasha da ita sau biyu yana danna oda. Da yamma Lallaɓa ya same shi da maganar kaya.

"Makaniken ya yi tafiya. Ka bari ya dawo."

"Ni zan kwance da kaina."

"A'a, ba na son a taɓa mini mota ba na nan. Gobe kuma ina da lodi."

Goben ta zama jibi, jibin ta zama mako. Ran nan ya ce ƙafarsa na ciwo. Ran nan ya kwana da motar a wani gari. Daga baya ma ya daina neman uzuri, ya koma ajiye motar a tasha, makullin a aljihunsa. Da Lallaɓa ya matsa, sai Yaya ya buɗe masa cikinsa a gaban Inna.

"Shekara nawa kana hawa mai kyau ina hawa ruɓaɓɓiya? Ɗanɗana ka ji yadda nake ji. Ai kai gwani ne, ka gyara mana. Ko dama ba hannunka ba ne, motar ce?"

Inna ta sunkuyar da kai tana gyara bakin mayafinta. Can ta ce, "Kai dai ka yi haƙuri, Auta. Kai Allah ya ba ka hannun gyara, shi bai ba shi ba. Mai haƙuri shi kan dafa dutse."

Ba ta faɗi wanda zai sha romon ba.

Motar Lallaɓa ta fara nuna abin da aka yi mata. Ba shokazoban kirki, kowane rami sai bayan motar ya yi tsalle, ƙwai na bugun juna a cikin kiret. Mutumin da kan yi wata bai fasa ƙwai goma ba, yanzu kullum sai ya wanke bayan mota, ƙarni na bin sa har cikin riga. Masu kantuna suka fara ƙorafi. Manajan gonar ya kira shi ofis, ya ce ya san shi da amana, amma kaji ba su san uzuri ba, kuma kada ya manta, dokar gonar ita ce motar da ba ta da takardar lafiya ba ta shiga ƙofarsu.

Wata safiya a gangaren kasuwa wata mata ta ratso titi da tulin kaya a ka. Ya taka birki, motar ta fizge hagu ta hau kan dakalin wani shago. Ba wanda ya ji ciwo. Kiret goma sha ɗaya suka tarwatse, shi kuma ya zauna riƙe da sitiyari. Da ya ba da labari a gida, Inna ta ce Allah ya tsare gaba. Yaya ya ce dama tuƙin sanyin jiki ma yana da nasa haɗarin.

Duk yamma in Lallaɓa ya tashi aiki sai ya bi wuraren masu fasa motoci, yana tona tarin ƙarafa har duhu ya kusa. Tsufan mota ke nan, ranar da kake neman kayanta ranar za ka san shekarunta. Wani ya ce an sayar da na ƙarshe makon jiya. Wani ya ce ya jira wata biyu, akwai wadda za a kawo. Salansa kawai ya iya liƙewa da walda, shi ma bai kwana huɗu ba ya sake buɗewa. Ya roƙi Yaya har da cewa shi ma a ara masa na kwana ɗaya, kayan da yake nasa. Yaya ya ce zai duba.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Lallaɓa ya shiga layin gidan gwaji tun da hantsi, ya hau da motar kan dogon ramin nan da ake leƙa cikin mota ta ƙasa. Mai gwajin dattijo ne mai tabarau, ya san shi sarai, don duk shekara sai ya kira sababbin ma'aikata su zo su ga yadda ake riƙon tsohuwar mota. Yau ma ya yi masa fara'a, ya ɗauki tocila ya sauka ramin. Ya daɗe a ciki. Da ya fito fara'ar ta tafi.

Aka ɗora tayoyin kan na'urar da ke juya su, aka ce ya taka birki. Allurar gefe ɗaya ta tashi, ta ɗaya gefen ta tsaya a rabi. Aka haska fitilu a bango, ta hagu ta yi ja kamar garwashin da ya kusa mutuwa. Dattijon ya zauna ya rubuta, sannan ya cire tabarau ya dube shi.

"Malam, wannan takardar na taɓa rubuta ta. Birki, shokazoba, fitilar hagu, salansa. Haka na rubuta wa wata farar mota kwanakin baya, sai dai kai an ƙara maka da tayoyi. Da ta dawo karo na biyu na shiga ƙarƙashinta, sai na ga shuɗin ɗigonka ko'ina. Har na yi baƙin ciki, na ɗauka motarka ce ta yi haɗari aka fasa ta aka sayar."

"Ta yayana ce," in ji Lallaɓa, muryarsa can ƙasa. "Ranka ya daɗe, tun da ka gane kayana ne, me ya sa ka ba shi takarda?"

"Ni abin da aka ɗora mini a kan rami nake gwadawa. A takardata babu gurbin rubuta sunan mai taya." Ya miƙa masa. "Mako biyu. Ka je ka karɓo kayanka, in sa maka hannu ko zama ban yi ba."

Gonar kaji ba ta da mako biyu. Washegari ya je ya yi wa manaja bayani, manajan ya saurare shi yana kauce wa idonsa.

"Ai na ɗauka kun gama magana a gida," ya ce. "Yayanka ya zo tun makon jiya. Ya ce motarka ta gaji, kai ka turo shi ya karɓi hanyar. Ya nuna mini takardarsa sabuwa fil. Mun riga mun sa hannu na shekara guda."

Lallaɓa bai san yadda ya kawo kansa gida ba. Ya tarar da Yaya a baranda kusa da Inna, an zuba masa abinci yana ci yana ba ta labari tana dariya.

"Yaya, aikina ka je ka karɓa?"

"Da in bari bare ya karɓa? Taimakonka na yi. Ai aikin bai bar gida ba."

"Gaskiyar yayanka ne," in ji Inna. "Hannun dama ne ya ba na hagu. In ka ga dama ma ka riƙa bin sa kana nuna masa kantunan, tun da kai ka san su."

An ce hassada ga mai rabo taki ce. Wanda ya faɗi haka bai zauna gida ɗaya da mai hassadar ba, makullinsa na rataye a ɗakin uwarsu. Ɓarawon waje ana yi masa ihu unguwa ta fito. Na cikin gida kuwa aro yake cewa, a taya shi da zancen zumunci, wanda aka kwasa kuma in ya buɗe baki shi ne marar kunya. Lallaɓa ya bar su a baranda. Ya shiga ɗaki ya zauna bakin gado, matarsa ta tsayar da keke ta kawo masa ruwa, ba ta ce ai na faɗa maka ba.

Kwana huɗu bayan nan Talatar farkon wata ta zo. Ya tashi da sassafe ya wanke motar ciki da waje, ya goge ƙarnin ƙwai, ya kaɗe matashin Inna ya gyara masa zama. Takardarsa ta bara tana da sauran kwana biyu, kuma ya riga ya tsara hanyar da ba gangare, zai bi a hankali. Aiki ya tafi, amma wannan kujerar tana nan. Ya buɗe ƙofar gaba ya tsaya yana jira.

Inna ta fito da katin asibiti a hannu. Ta zo daidai motarsa, ta dubi tayar gaba, ta wuce. Yaya na zaune cikin tasa, inji na aiki shiru, ba hayaƙi ba ƙara.

"Inna, ga mota nan na buɗe miki."

"A'a, Auta, yau yayanka zai kai ni. Taka birkinta na jan hagu, ga tayoyi sun suɗe kamar tafin hannu. Bayanta kuma ba shokazoba, ni da ciwon baya ina zan iya wannan jijjigar?"

Ya tsaya riƙe da ƙofar. Ta jero su tsaf kamar ita ta rubuta takardar dattijon. Ashe ta san abin da aka kwance ranar da ta miƙa makullin, ta san a kan me yake fita kowace safiya. Shekara tara yana taƙama shi ake zaɓa, ashe birki ake bi.

"Inna," ya ce, "ashe kin san kan mota."

"Ko ban sani ba ai ina son raina." Ta hau kujerar Yaya tana gyara zama, ta laluba bayanta ta ji wayam, sannan ta leƙo ta taga. "Miƙo mini matashina."

Ya ɗauko ya miƙa mata da hannu biyu. Yaya ya ja mota da ƙarfi, ya faɗa ramin bakin ƙofa ko rage gudu bai yi ba. Lallaɓa ya bi tayar baya da kallo, shuɗin ɗigonsa na juyawa a jikinta, har suka sha kwana.